Makaɗin da Ba Shi da Goshi

A cikin duk abin da idona ya gani a yawon duniya, akwai guda ɗaya da na tabbata ko tsufa ya fara kwashe mini kayan ƙwaƙwalwa, shi ne zai zama na ƙarshen fita. Na zauna a Kumasi da Legas, na yi Kartum, na yi Jidda, amma abin a nan Abijan ya same ni, a wani tsakar gida a unguwar Biafra ta Treichville, ranar da na zauna gaban jama'a a matsayin makaɗi, ni da ko tafi ban iya yi daidai ba.

Rayuwata na yi ta ne ina bin 'yan kasuwa ina yi musu tafinta. Hausa ta gado ce, Faransanci da Julanci Abijan ta ba ni, Ingilishi na tsinta a bakin teku, Larabcina kuwa na kasuwa ne, zai saya maka abinci amma ba zai ja ka salla ba. Shi ya sa kowa a unguwa Tafinta yake kirana, har jikokina.

Ina da amini mawaƙi, Bagobiri, wanda tun muna samari shi ne muryar Hausawan Treichville da Adjamé. Suna ko biki ko tarbar mahajjata, in bai buɗe baki ba, ba a ce an yi taro ba. Yana da makaɗinsa na kalangu, wani dogon mutum mai faɗa, wanda ake kira Sarkin Kiɗa ko da yake ba wanda ya tuna ranar da aka naɗa shi. Shi ke riƙe da taken kowane babban mutum a cikinmu. Kana sako ƙafa a ƙofar gida zai matse kalangu ya faɗi kirarin ubanka, ko ka zo da fushi sai ka ji kafaɗarka ta tashi. Su biyun sun shekara da shekaru suna zagin juna a hanya suna cin abinci a kwano ɗaya.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Sarkin Kiɗa. Allah ya tashe shi, yana tafiya yana jan ƙafa, bakinsa ma ya dawo da duk kaifinsa, amma hannun dama, mai riƙe sandar kiɗa, ya ƙi dawowa. Yaranmu haifaffun Abijan ba mai son rataya kalangu, Hausar ma da ƙyar suke haɗa ta. Aminina ya gwada waƙa ba kiɗa a wani biki, mutane suka yi tsit suna sauraro kamar wa'azi, wani har ya shafa fatiha da ya gama. Daga nan gayyata ta ɗauke. Kowa ya koma kiran dije, wato yaran nan masu saka faifai da manyan lasifikoki. Aminina ya fara maganar ɗaure kayansa ya koma ƙauye, ƙauyen da duk wanda ya sani a cikinsa yana maƙabarta.

Ana haka sai wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Treichville, Badamagare, ya aika aka kira shi. 'Yar Alhajin ta haifi ɗan fari, a gidansa za a yi suna, kuma mijinta ɗan wani attajiri ne Bakane mai shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa. Wanda ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san wannan ba suna kawai ba ne, fagen fama ne. Alhaji ya ce masa, "Surukina zai zo da mutanensa. So nake ya ji taken ubana da kunnensa, ya san ba daga sama muka faɗo ba. In ba za ka iya ba ka faɗa mini tun yanzu in kira dije." Aminina ya ce zai iya. Daga can bai tsaya ko'ina ba sai ƙofata.

Ya ce, "Tafinta, ka taɓa ba mu labarin wani akwati da ka gani a Kartum."

Gaskiya ne, na ba su. A Kartum na ga mutum ɗaya ya riƙe biki gaba ɗaya da akwati mai fararen haƙora da baƙaƙe. A Kano fiyano suke ce masa, da shi ake yin waƙoƙin zamani, yaran Abijan kuwa sinte suke cewa. Sirrinsa shi ne akwai kiɗe-kiɗe a ajiye a cikinsa. Ka zaɓi wanda kake so, ka taɓa haƙori ɗaya a gefen hagu da yatsa ɗaya, sai ganguna da molaye da ƙahonnin da ke ciki su tashi gaba ɗaya su bi ka. Da na ba da labarin, don a yi mamaki na ba da shi. Ban san wata rana za a zo a ce in biya bakina ba.

Washegari muka hau mota sai Adjamé, kasuwar nan ta kayan lantarki da ake kira Bilak, inda in ka ce kana neman kunnen rediyon kakanka za a ce ka jira a ɗauko. Muka sami wani mai shago yana da irin akwatin a cikin kayan gwanjo da ake kawowa daga Turai. Ya jona shi, ya taɓa, sai shagon ya cika da kiɗa kamar an buɗe ƙofar gidan rawa. Aminina ya ja da baya, ya leƙa bayan akwatin, ya dawo.

Ya ce, "Tambaye shi, makaɗa nawa ne a ciki?"

Na tambaya da Faransanci. Mai shago ya yi dariya ya ce, "Baba, sun fi ɗari."

"Suna cin goro?"

"Ba sa ci."

"Suna fushi su ajiye kiɗa a tsakiyar waƙa don an ba wani nama ya fi nasu?"

Mai shago ya ce sam.

Aminina ya ce, "A ɗaure mana shi."

Kafin a ɗaure, mai shagon ya yi ta juya kiɗe-kiɗen har ya faɗo kan wani mai taku irin namu, kamar ɗan'uwan kalangu ne da aka haifa a Turai bai taɓa zuwa gida ba. Aminina ya saurara, ya gyara tsayuwa, ya sa hannu a kunne, ya ɗaga murya a tsakiyar Bilak. Masu gyaran waya suka ɗago kai. Wani mai turin baro ya tsaya da kayansa. Na dubi fuskar mutumin nan da ya daɗe bai ji ganga a ƙarƙashin muryarsa ba, na ga idonsa ya ciko. Tun daga lokacin na daina ganin akwatin a matsayin abin wasa.

Mai shago ya nuna mini maɓallai: jan nan na tayarwa da tsayarwa, wancan kuma in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa, kiɗan zai ɗauki saurin ƙwanƙwasarka. Ya nuna wani ɗan gilashi mai haske a tsakiyar akwatin, da maɓallai kewaye da shi, ya ce waɗannan su ke sauya kiɗa, kada mu yarda a taɓa su ana cikin waƙa. Na gyaɗa kai. Duk rubutun da Ingilishi yake, na karanta shi tsaf, amma karanta sunan maɓalli daban, sanin abin da zai yi maka a gaban mutane daban.

A hanyar komawa, muna tsaye cikin cunkoso a kan gada, gwiwar hannun aminina ta taɓa wani wuri, ashe akwai batir a ciki. Kiɗa ya tashi a kujerar baya. Direban tasi ya kashe rediyonsa, kiɗa bai tsaya ba. Ya ƙara kashewa, ya buge shi da tafin hannu, ya dube mu ta madubi ya ga tsofaffi biyu da manyan riguna sun haɗe fuska. Har muka sauka a Biafra yana satar kallonmu.

Mun ga ya dace mu fara kai wa Sarkin Kiɗa, kada ya ji a bakin mutane. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa, hannun dama a kan cinya, kalangun yana rataye a bango a bayansa. Muka kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tofar da goron bakinsa.

Ya ce, "Kifi a gwangwani, tumatir a gwangwani, madara a gwangwani. Yanzu makaɗa ma a gwangwani. To wa zai tuƙa su?"

Aminina ya ce, "Tafinta mana. Shi ya san yarensu."

Sai a lokacin na ji wannan labari. Na ce ni ban taɓa kiɗa ba. Sarkin Kiɗa ya ce ai su ma na cikin gwangwanin ba su taɓa ba, mun dace da juna. Ya ƙara da cewa zai zo sunan, zai zauna a gaba, don yana so ya ga kunyarmu da idonsa kada a rage masa komai wajen ba da labari.

A kwanakin da suka rage muka yi ta gwaji a ɗakina, na kuwa fahimci babban bambancin. Sarkin Kiɗa numfashin mawaƙi yake bi. In aminina ya ja baiti, ya jira shi, in ya tsaya haɗiyar miyau, ya cike gurbin. Akwati ba ya jiran kowa. In ya tashi ya tashi, ko tari ya sarƙe ka shi dai tafiya yake. Dole aminina ya koyi faɗawa cikin kiɗa kamar mai shiga gbaka, ƙaramar bas ɗin hayar nan ta Abijan, tana gudu, ya kama ƙofa da hannu ɗaya ƙafa tana lilo. Ya koya kuwa. Maganar take ce ta gagare mu, don akwatin bai san uban kowa ba. Muka yanke cewa aminina zai faɗi taken da baki, Allah ya rufa asiri.

Ranar suna da safe tsakar gidan Alhaji ya cika. An kafa rumfar tamfol, an jera kujerun roba, maƙwabta Julawa da Bawule suna leƙe ta tagogi da saman bene. Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro, rago ya tafi inda raguna ke tafiya. Aka ajiye mini tebur da akwatin a kai. Sarkin Kiɗa ya sa aka kai masa kujera kusa da famfo, daidai inda zai riƙa kallon fuskata.

Na yi bisimilla na taɓa haƙorin hagu. Kiɗa ya tashi, aminina ya faɗa ciki daidai, muryarsa ta cika gidan kamar ba ta taɓa tafiya ko'ina ba. Tsofaffi suka fara kaɗa kai. Mata suka fito daga ɗakuna. Na ga Alhaji yana satar kallon surukinsa Bakane yana murmushi. Ni kuwa ina zaune da yatsa ɗaya a miƙe, ina ji kamar ni na ƙera duniya. In da taron ya tsaya a nan, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Abin da ba mu yi tunaninsa ba, ni da aminina da mai shagon Adjamé, shi ne liƙi. Mu Hausawa ba ma jin kiɗa mu zauna. Sai mun tashi mun manna wa mawaƙi kuɗi a goshi, sannan mu juya mu manna wa makaɗi nasa. Wadda ta fara tashi yayar Alhaji ce, wata Hajiya mai jiki da murya, wadda ko Alhaji tsoronta yake. Ta liƙa wa aminina, ta juyo wajena. Na ɗan sunkuyar da kai don in sauƙaƙa mata.

Ta ce, "Ba kai ba, Tafinta. Kowa ya san ba kai kake yi ba. Ina goshin makaɗin?"

Ta dubi akwatin daga wannan gefe zuwa wancan. Idonta ya sauka kan ɗan gilashin nan mai haske a tsakiya, sama da haƙora, daidai inda goshi ya kamata ya kasance. Kafin in buɗe baki ta ɗora takardar kuɗi a kai ta danna da tafin hannu, yadda ake danna wa mai gumi don ta kama.

Nan take kiɗanmu ya ɓace. Wani ya maye gurbinsa, mai ƙaho da kacau-kacau, irin na mutanen Kuba da aka yi yayinsa a gidajen rawa na Treichville tun muna matasa. Na kai hannu zan gyara. Hajiya kuwa ta tsaya cak, ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Wa ya gaya masa? Wannan ai na zamaninmu ne."

Ta ɗaga gyale ta taka sau biyu, irin takun da ban yi zaton Alhaji ya san yayarsa ta iya ba. Mata suka ɗauki guɗa. Aminina, tsohon hannu, ya haɗiye firgicinsa ya kama ƙofar wannan gbakar ma, ya shiga yabon Hajiya a kan kiɗan Kuba. Kafin ta koma kujerarta magana ta zagaye gidan: akwatin nan yana gane mutane, in ka liƙa masa zai buga maka takenka.

Sai layi. Ban taɓa ganin manya sun yi layi da son ransu haka ba, ko a filin jirgi. Kowa ya zo ya danna goshi, kiɗa ya sauya, shi kuma ya tsaya ya saurara da kyau ya gano kansa a ciki. Wani dillalin shanu ya sami irin kiɗan masu dogon gashin nan na Jamaika, ya ce lalle haka tafiyarsa take. Wani tela ya sami na Indiya, ya ce dama mahaifiyarsa ta sha faɗa masa yana da hanci. Sarkin fawa ya danna sai ga wani kiɗa mai nauyi irin wanda ke fitowa daga coci ranar Lahadi. Wata maƙwabciya ta leƙo daga bene tana kaɗa kai cikin jin daɗi, liman kuma ya tuna yana da wani suna a unguwar Marcory, ya nemi takalmansa. Na shimfiɗa hannuwa biyu a kan maɓallan ina roƙo da Hausa da Julanci da Faransanci a daina taɓawa. Wani ya ce, "Ku ga Tafinta, zai cinye rabon makaɗa." Aka janye mini hannu. Aminina yana ta tsalle daga wannan kiɗa zuwa wancan, gumi har cikin ido, amma ko sau ɗaya bai faɗi ba. Sarkin Kiɗa yana dariya har yana buga ƙafarsa mai lafiya a ƙasa.

Sannan Bakane ya miƙe. Ya gyara babbar rigarsa, ya tako a hankali, ya danna. Wallahi kamar da gangan, akwatin ya saki kiɗan faretin soja, da kakaki da manyan ganguna, irin wanda ake yi wa shugaban ƙasa in ya sauka daga jirgi. Bakane ya ƙame. Ya zagaya tsakar gida yana taku, mutanensa suna sara masa. Da ya dawo ya tsaya gaban mai gida.

Ya ce, "Ka gani ko? Har akwatin Bature ya san Kano. Taso, bawana, a ji naka."

Ba yadda Alhaji zai yi. Ya tashi, ya zo, ya dube ni da wani irin kallo mai cewa in gyara, ni kuwa ban san ma abin da zan gyara ba. Ya ɗora kuɗinsa ya danna.

Abin da ya fito wani siririn kiɗa ne, ƙil-ƙil-ƙil, a hankali, irin wanda ke fitowa daga abin wasan da ake rataya wa jariri don ya yi barci.

Gidan ya yi shiru, sai wannan ƙil-ƙil. Bakane ya juya wajen mutane da fuskar mai neman gaskiya.

Ya ce, "Jama'a, a duba mini. Wanne aka raɗa wa suna yau, na ɗaki ko wannan?"

Dariyar da aka yi har yanzu tana kunnena. Alhaji ya ƙara dannawa da ƙarfi. Wannan karon hannunsa ya sauka kan maɓallin rufe waƙa. Akwatin ya yi wata 'yar kwalliya ta sallama, ya buga ganga ɗaya, ya yi tsit. Kowa ya gani: ya yi wa dillali, ya yi wa tela, ya yi wa Bakane fareti, mai gida kuwa ya lallashe shi sannan ya rufe baki.

Alhaji bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya dubi aminina ya ce, "Na ce maka in ba za ka iya ba ka faɗa mini." Ya juya ya ce wa ɗansa ya kira dije. Aminina yana tsaye, takardun da aka liƙa masa suna zamewa daga goshinsa ɗaya bayan ɗaya, bai ko sunkuya ba. Na san abin da yake gani a lokacin. Motar ƙauye yake gani.

Na share kuɗin da suka rufe gilashin, na yi ta juyawa har na dawo da kiɗanmu na farko. Amma ban iya tayar da shi ba. Wa zan tayar wa? Sai na ji jan ƙafa a kan siminti. Sarkin Kiɗa ne. Dariyarsa ta ƙare tun lokacin da aka taɓa mai gida, don uban Alhaji, mai raƙuman ayari, shi ya saya masa kalangunsa na farko a Abijan. Ba ceto ya kawo shi ba, faɗa ya zo yi. Ya tsaya a kan akwatin kamar yadda yake tsayawa kan yaran da ya taɓa koya wa kiɗa.

Ya ce, "Ku ɗari a ciki, ba wanda ya san ɗan mai raƙuma? Marasa tarbiyya. Ga yadda ake yi."

Ya ƙwanƙwasa jikin akwatin da yatsan hagu, a hankali, da nauyi, irin takun raƙumi mai kaya. Bai san inda yake bugawa ba, amma yatsan ya sauka kan maɓallin nan da mai shago ya nuna mini. Sai makaɗan gwangwani suka tashi gaba ɗaya, daidai da takunsa, ba gaba ba baya.

Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ya dube ni. Ya sake ƙwanƙwasawa da sauri, suka ƙara sauri. Ya sassauta, suka sassauta.

Ya ce, "Suna ji ashe."

Na ce, "Suna ji. Kuma yatsa ɗaya suke so, a gefen hagu. In ka taɓa ka ɗaga, za su ci gaba da kansu, hannunka ya tafi wani aiki."

"Hagu?"

"Hagu."

Ya dubi hannunsa na hagu, wanda ya shekara da shekaru yana matse kalangu kuma tun da ciwo ya zo ba a ba shi aikin da ya wuce ɗaukar kofi ba. Ya ce, "Ina mai siririyar murya a cikin haƙoran nan, ina mai kauri?" Na nuna masa: in ka yi dama murya tana hawa, in ka yi hagu tana sauka. Ya ce, "Tashi."

Na tashi, kuma ban taɓa jin daɗin barin kujera irin na ranar ba.

Kalangu da hawa da saukar murya yake magana, kamar bakinmu. Sarkin Kiɗa ya bar ganguna suna tafiya a ƙasa, ya zaɓi haƙora uku, ya fara lalube. Na farko ya fito a karkace, wani tsoho ya ce wannan ai taken mahauta ne. Sarkin Kiɗa ya ce masa in ya iya ya zo ya yi. Ya sake. Ya matsa haƙori ɗaya. Sai ga shi ya fito, da wata murya kamar ta algaita, amma duk wanda ya haura hamsin a gidan ya ji kalmomin sarai: ga mai raƙuma tafe, ku ba shi hanya, ga mai raƙuma tafe.

Alhaji ya riga ya juya baya zai shiga ɗaki. Ya tsaya. Na ga kafaɗarsa ta tashi kafin ya juyo. Ya ɗaga dunƙulallen hannu sama yana jinjina. Hajiya ta saki guɗa mai tsawo. Aminina ya sa hannu a kunne ya shiga, ya ɗauko uban Alhaji tun daga Damagaram da ayarinsa, ya bi da shi garuruwa har bakin ruwan Abijan. Da ya ja baiti, Sarkin Kiɗa ya danna jan maɓalli ya tsayar da kowa, ya bar murya ita kaɗai a sama, sai da numfashi ya kusa ƙarewa ya sake su suka tare ta. Abin da akwatin ya kasa yi mana a ɗakina ke nan. Dije ya iso da lasifikokinsa a baro, aka ba shi nama aka ce ya zauna ya kalla.

Bakane bai ji daɗin yadda fage ya juya ba. Ya tako da kuɗi a hannu, yana so ya danna gilashin ya dawo da faretinsa. Sarkin Kiɗa bai daina kiɗa ba. Ya dai miƙo wuya ya tare hanya da kansa.

Ya ce, "Ga goshin nan, Alhaji. Na dawo da shi."

Bakane ya yi dariya ya manna masa. Daga ranar ba wanda ya ƙara taɓa gilashin.

Aminina bai koma ƙauye ba. Su biyun sun ci gaba da zagaya Treichville da Adjamé, ɗaya da murya, ɗaya da hannu guda da makaɗa ɗari, suna zagin juna a cikin tasi. Sarkin Kiɗa bai daina ce musu na gwangwani ba, sai dai in wani ne ya faɗa, sai ya ce kada a zagar masa yara. Hajiya duk inda ta gan su sai an yi mata na Kuba. Bakane yana neman faretinsa, ana ba shi bayan an gama na mai raƙuma. Na jariran kuwa Alhaji ya ce in ya ƙara jin sa a Abijan shi da su ne.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina. A garuruwan da na zauna na ji masu cewa irin wannan akwati zai kashe makaɗa, na ji masu cewa da shi kowa ma makaɗi ne. Ni dai na zauna a gabansa da hannuwa biyu masu lafiya da harsuna biyar, ya mai da ni abin dariya. Wani ya zauna da hannu ɗaya, ya mai da shi mutum a cikin mutane. Abin da na koya shi ne, na'ura tana iya ɗauke maka aikin hannu, har ta mayar maka da sana'ar da ciwo ya ƙwace, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma ba ta san uban kowa ba, ba ta san lokacin da numfashin abokinka zai ƙare ba. Wannan sai mutum ya zo da shi daga gida. Tun daga ranar, duk sabon abin da aka kawo mini aka ce shi kaɗai yake aikinsa, nakan yaba, sannan in yi tambayar da Hajiya ta yi: ina goshinsa?